A Auna Ƙasa Kafin a Zuba Iri: Darasin Shinkafar Kwarin Jinzu

A shekarar 2012 hukumomin lardin Toyama na ƙasar Japan suka kammala wani aiki da aka fara tun 1979, wato sauya ƙasar gonakin shinkafa da ke gefen kogin Jinzu. An binne gurɓatacciyar ƙasa, aka ɗauko sabuwa daga wani wuri aka shimfiɗa a kai, gona bayan gona, har hekta 863. Aikin ya ɗauki shekara 33, ya kuma ci yen biliyan 40.7. Abin da ya jawo wannan ɗawainiya shi ne wani ƙarfe mai suna kadmiyam, wanda ya gangaro cikin ruwa daga mahaƙar ma'adinai, ya kwanta a gonaki, shinkafa ta tsotse shi, mutane suka ci.

Wannan labari ya isa hujja a kan magana guda. Duk filin da ke gindin mahaƙa, ko aka zuba masa tarkacen ma'adinai, ko yake shan ruwan da ya ratso ta wurin wanke su, bai kamata a noma shinkafar ci a cikinsa ba sai an auna ƙasarsa da ƙwayar da ya fitar. Idan awon ya nuna guba, bai dace asarar ta faɗa kan manomi ba. Maganar tana da sauƙin faɗa, amma akwai masu ja da ita, kuma wasu hujjojinsu na da nauyi.

Abin da ya faru a kwarin Jinzu

A cikin duwatsun lardin Gifu akwai mahaƙar Kamiyoka, inda kamfanin Mitsui ya daɗe yana haƙar tutiya da dalma. A ƙarƙashin ƙasa kadmiyam abokin zaman tutiya ne: dutsen da ke ɗauke da tutiya kusan kullum yana ɗauke da shi. Idan aka niƙa dutsen aka tace abin da ake so, sauran garin da ruwan wankinsa kan fita da ragowar kadmiyam. A Kamiyoka wannan ruwa ya bi kogin Takahara ya faɗa Jinzu, manoman ƙasan kwarin kuwa da shi suke ban-ruwa, da shi suke sha da girki.

Tun wajen shekarun 1910 aka fara ganin wata cuta a ƙauyukan. Akasarin masu kamuwa mata ne da suka manyanta, waɗanda suka haihu da yawa. Ciwo kan fara daga ƙugu da cinyoyi, tafiya ta gagara, ƙashi ya yi laushi har tari kaɗai ya iya karya haƙarƙari. Kukan da majinyatan ke yi shi ya zama sunan cutar, itai-itai, wanda a Hausance ya yi daidai da "wayyo, wayyo". Wani likitan yankin, Noboru Hagino, ya bi diddigin al'amarin, a 1961 ya fito fili ya ɗora alhakin a kan kadmiyam. Gwamnatin Japan ba ta amince a hukumance ba sai a watan Mayun 1968. Majinyata da iyalansu sun kai ƙara a wannan shekarar, suka yi nasara a 1971, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1972. Daga bayyanar cutar zuwa hukunci an haura rabin ƙarni. Waɗanda hukuma ta tabbatar da cutar a jikinsu sun kai kimanin 200, ban da waɗanda suka rasu kafin a san sunan abin da ke kashe su.

Yadda kadmiyam ke aiki a jiki shi ya bayyana wannan jinkiri. Yana taruwa a ƙoda, kuma jiki kan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin ya fitar da rabin abin da ya shiga. Sannu a hankali yakan lalata ƙananan hanyoyin ƙoda, sai sinadaran da ke ƙarfafa ƙashi su riƙa zurarewa cikin fitsari. Mai ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ya fi tsotsar kadmiyam daga abinci, shi ya sa matan da haihuwa ta rage wa jini suka fi shan wahala. Wanda ya ci shinkafar bana ba zai kwanta bana ba, saboda haka babu wanda ke zargin tukunya.

Yadda guba ke shiga ƙwaya

Saiwar shinkafa tana da ƙofofi da take shigo da abin da take buƙata, kowace ƙofa da abin da aka yi ta dominsa. Matsalar ita ce wasu ƙarafa masu guba sun yi kama da abincin shuka. Kadmiyam yakan shiga ta ƙofar da aka tanada wa sinadarin manganis. Asenik kuma yakan bi ƙofar silikon, sinadarin da shinkafa ke sha da yawa don ƙarfafa karanta da ɓuntunta. Masana a Japan ne suka gano waɗannan ƙofofi, ta asenik a 2008, ta kadmiyam a 2012. Shukar ba ta bambance baƙo da ɗan gida, kuma tana iya tara abin da zai cutar da mutum alhali ganyenta kore shar, zangarniyarta cike. Ido ba ya gane gurɓatacciyar shinkafa, harshe ma haka.

Ruwa shi ke yanke hukuncin wanne daga cikinsu zai shiga. Idan gona na kwance cikin ruwa, iska ba ta ratsa ƙasa, sai kadmiyam ya haɗu da sinadarin farar wuta ya daskare, saiwa ba ta iya ɗaukarsa. Da an janye ruwan, ƙasa ta sha iska, sai ya narke ya shiga shuka, musamman lokacin da ƙwaya ke cika. Shi ya sa a Japan ake umartar manoman wuraren da ake zargi su bar ruwa a gona mako uku kafin shinkafa ta fitar da kai da mako uku bayan haka. Sai dai asenik halinsa akasin wannan ne: kwanciyar ruwa ita ke sake shi daga ƙasa. Haka ma zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke kama gwal da ita. A cikin taɓon da ruwa ya rufe, wasu ƙwayoyin halitta kan mayar da ita nau'i mafi haɗari, mai taɓa ƙwaƙwalwa, shinkafa kuma ta tara shi a ƙwaya.

Ke nan dabarar da ke maganin guba ɗaya tana iya ƙara wata. Malamin gona da zai ce wa manomi ya tsare ruwa ko ya janye shi, ba tare da ya san abin da ke cikin ƙasar ba, yana iya tura shi daga rami zuwa rijiya. Tsamin ƙasa ma na da hannu: ƙasa mai tsami ta fi sakin kadmiyam, tarkacen ma'adinai kuwa sau da yawa yakan ƙara tsami, haka nan yawan zuba takin zamani mai sinadarin amoniya shekara da shekaru. Dalma ita ce mai ɗan sauƙi ta wannan fuska, domin akasarinta kan tsaya a saiwa, kaɗan ke hawa zuwa ƙwaya. Hanyarta mafi muni ita ce ƙura, a masussuka da wurin shanya da injin niƙa.

Lissafin kwano

Hukumar Codex, wadda ke tsara ma'aunin abinci a ƙarƙashin hukumomin lafiya da na abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa iyakar kadmiyam a gogaggiyar shinkafa miligiram 0.4 a kowane kilo. Ƙasar Sin ta tsananta, ta sa 0.2. Kwamitin ƙwararru na waɗannan hukumomi biyu ya ƙiyasta a 2010 cewa abin da jiki zai iya jurewa a wata shi ne maikrogiram 25 a kan kowane kilo na nauyin mutum.

Haɗa alƙaluman biyu na nuna wani abu. Mutum mai nauyin kilo 60, kasonsa na wata miligiram 1.5 ne. Idan shinkafarsa tana daidai kan iyakar 0.4, kuma yana cin giram 300 na ɗanyarta a rana, a wata ya ci miligiram 3.6, fiye da ninki biyu na kasonsa, tun kafin a lissafa sauran abinci. Iyakar an yi ta ne da tunanin kasuwa, inda mai saye ke cin shinkafar gonaki daban-daban, mai guba ta cakuɗu da mai tsabta. Gidan da ke ci daga rumbunsa, gona ɗaya, shekara talatin, ba shi da wannan kariya. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne manomin da iyalinsa.

Dabarun madafa ba su isa ba. Dafa shinkafa cikin ruwa mai yawa a tsiyaye yana rage asenik da kusan rabi, gogewa ma na rage shi domin ya fi taruwa a dusa. Kadmiyam kuwa yana cikin ƙwayar kanta, wanki da gogewa kaɗan suke cirewa. Kara da ganyen shukar sun fi ƙwaya ɗaukar kadmiyam, idan aka ba dabbobi sai ya taru a ƙodarsu da hantarsu.

Abin ya maimaita kansa

Da a ce Jinzu kaɗai ne, da sai a ce tsautsayi ne na wani zamani. A farkon shekarun 2000, binciken Cibiyar Kula da Ruwa ta Duniya ya gano kadmiyam mai yawa a ƙasa da shinkafar gundumar Mae Sot ta ƙasar Tailan, a gonakin da ke shan ruwan rafin Mae Tao, wanda ya ratso yankin ma'adinin tutiya. Gwamnati ta saye shinkafar don kada ta shiga kasuwa, aka ja hankalin manoma zuwa noman raken da ake sarrafawa ya zama man mota.

A watan Mayun 2013 hukumar abinci ta birnin Guangzhou ta bayyana cewa 8 daga cikin samfura 18 na shinkafa da ta auna sun wuce iyakar kadmiyam. An bi sawun da yawa daga ciki zuwa lardin Hunan, wanda ya shahara da abu biyu, noman shinkafa da haƙar ƙarafa. Shekara guda bayan haka gwamnatin Sin ta fitar da sakamakon awon ƙasa na faɗin ƙasar: kashi 19.4 cikin ɗari na wuraren da aka auna a filayen noma sun wuce ma'auni, kadmiyam ne kuma kan gaba. A yankin Wanshan na lardin Guizhou, tsohuwar cibiyar haƙar zaiba, masana sun nuna cewa shinkafa ce babbar hanyar da zaiba mai guba ke shiga jikin mazauna, alhali a wasu sassan duniya kifi aka sani da wannan. Martanin Sin shi ne raba gonaki gida uku: waɗanda za a kare, waɗanda za a noma da sharaɗi, da waɗanda za a hana noman abinci a cikinsu. Dokarta ta hana gurɓata ƙasa ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019.

A duk waɗannan wurare tsarin ɗaya ne. Mahaƙa na sama, gona na ƙasa, ruwa ya haɗa su, kuma ba a auna ba sai bayan an shekara ana ci.

Inda zancen ya taɓo Nijeriya

Nijeriya ta san gubar ma'adinai. A 2010 aka gano annobar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara kimanin 400 suka rasu. A 2015 irinta ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A can ƙurar dutsen zinariya da ake daka da niƙawa a cikin gidaje ce ta yi ɓarnar, alamunta kuma sun fito da sauri: suma, farfaɗiya, mutuwa. Aikin tsaftacewa ya mayar da hankali kan tsakar gidaje da wuraren niƙa, kamar yadda gaggawa ta buƙata.

Hanyar shinkafa ta sha bamban, domin ba ta da ƙararrawa. Amma sharuɗɗan da suka haɗu a Jinzu suna nan. Zamfara da Kebbi da Neja jihohin zinariya ne, kuma jihohin shinkafa ne. Mai wanke ƙasar gwal da mai fadama ruwa ɗaya suke nema, damina kuma takan kwashi abin da aka zubar a tudu ta kai shi kwari. A Jihar Ebonyi, shinkafar Abakaliki da mahaƙun dalma da tutiya na Enyigba da Ishiagu maƙwabtan juna ne, tutiya kuwa an riga an faɗi wanda ke rakiyarta. Tun daga ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Kebbi a Nuwamban 2015, da rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, an ƙarfafa wa mutane faɗaɗa noman shinkafa zuwa duk inda ruwa ke kwanciya. A lokaci guda gwamnati na tallata haƙar ma'adinai a matsayin abin da zai rage dogaro da man fetur. Manufofi biyu ne masu ma'ana, amma a ƙasa suna haɗuwa a bakin rafi ɗaya.

Wannan ba yana nufin shinkafar gida guba ce ba. Gonakin da ke gindin mahaƙa kaɗan ne idan aka kwatanta da faɗin fadamun ƙasar. Saboda kaɗan ne ma ya sa gano su abu ne mai yiwuwa.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko ita ce talauci. Manomin da fadamarsa ita ce gadonsa, idan aka ce kada ya noma, me zai ci? Yunwa ta yau ce, ciwon ƙoda na bayan shekara ashirin. Wannan gaskiya ce, kuma duk dokar hani da ba ta zo da diyya ba za ta mutu a takarda, ko ta sa manomi ya ɓoye gonarsa ya kai shinkafar kasuwar wani gari. Abin da hujjar ke nunawa shi ne wajibcin diyya da madadin amfanin gona, kamar auduga ko itatuwan katako, waɗanda ba a ci. Ba ta nuna cewa a bar iyalin su ci gaba da ci cikin duhu ba.

Ta biyu ita ce tsoron karyewar kasuwa: da an ambaci guba, masu saye za su koma wa shinkafar waje. Abin da ya faru a Sin ya nuna akasin abin da masu wannan tsoro ke zato. Da farko hukumar Guangzhou ta ƙi bayyana sunayen masu shinkafar, jama'a suka fusata, zargi ya hau kan shinkafar Hunan baki ɗaya, har manoman da gonarsu ke da tsabta suka yi asara. Ɓoyewa ce ke shafa wa kowa kashin kaji. Taswirar da ta ce wannan kwari ne kaɗai ke da matsala ita ke wanke sauran.

Ta uku ita ce tsada. Gaskiya ne auna kadmiyam a ƙwaya yana buƙatar ɗakin gwaji mai na'urori masu kyau, ba kamar dalma a ƙasa ba, wadda aka riƙa aunawa da na'urar hannu a ƙauyukan Zamfara. Amma ba kowace gona za a auna ba, sai waɗanda ke bin ruwan mahaƙa. Kuɗin wannan ba ya kusa da na gyara. A Toyama, idan aka raba yen biliyan 40.7 a kan hekta 863, kowace hekta ta ci kimanin yen miliyan 47. Ƙarfe ba ya ruɓewa kamar taki. Wanda ya kwanta a gona yana nan har sai an kwashe shi ko an binne shi.

Ta huɗu ita ce akasarin masu haƙa a arewacin Nijeriya talakawa ne masu diga da shebur, babu wani Mitsui da za a kai kotu. Nan ma akwai gaskiya. Sai dai zinariyar ba ta tsaya a hannun mai diga ba: akwai dillali, akwai mai lasisi, akwai mai fitarwa waje, akwai gwamnatin tarayya da tsarin mulki ya mallaka wa dukkan ma'adinai. Dokar ma'adinai ta 2007 ta riga ta tanadi asusun kare muhalli da gyara shi, da kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Kuma ko a Japan, inda aka ci kamfani a kotu, abin da ya biya na sauya ƙasar gonaki bai kai rabi ba, sauran daga baitulmali ya fito. Gwamnatin da ta ƙi karɓar kuɗin gyara tun ana haƙa, ita za ta biya bayan an tashi.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko shi ne haɗa taswira biyu da ke ofisoshi daban-daban, ta wuraren haƙa da ta fadamu da madatsun ban-ruwa, a fitar da gonakin da ke ƙasan kowace mahaƙa. A waɗannan gonaki a auna ƙasa da ruwa da ƙwaya, a nemi kadmiyam da asenik da dalma da zaiba gaba ɗaya, tunda maganin ɗaya na iya zama ƙarin ɗaya. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Minna da Abakaliki suna kusa da wuraren, su ya kamata a ɗora wa aikin tare da kuɗinsa. Sakamakon kuma a faɗa wa masu gona da harshensu, ta bakin malaman gona da dagatai, kafin a kai shi taron masana.

Inda gubar ba ta yi yawa ba, akwai dabaru: zuba farar ƙasa don rage tsami, sarrafa ruwa daidai da nau'in gubar, da zaɓen iri. Irin shinkafa sun bambanta ƙwarai wajen tsotsar kadmiyam, har masana a Japan sun samar da wani nau'i na shahararren irinsu Koshihikari wanda ƙofar manganis ɗinsa ta lalace, kusan ba ya ɗaukar kadmiyam. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi na iya tantance irin da manoman Nijeriya ke shukawa ta wannan fuska. Inda gubar ta yi yawa, a daina noman abinci, a biya mai gona. Manyan masana'antun casar shinkafa, masu sayen shanshera daga ko'ina, su riƙa sanin daga wane kwari kowace mota ta fito. Sabon lasisin haƙa kuma kada ya fita sai an auna gonakin da ke ƙasansa tun kafin a sara diga, domin gobe a san abin da mahaƙar ta ƙara.

Akwai abu guda da mutanen Jinzu suka samu wanda ya fi diyya daɗewa. Washegarin hukuncin 1972 suka sa kamfanin ya rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta ba su ikon shiga mahaƙar da nasu masanan su duba, kamfanin ya biya kuɗin binciken. Sun riƙa shiga kowace shekara, har kadmiyam ɗin kogin ya sauko kusa da yadda yake a ruwan da ba a gurɓata ba. Manomin da ke shan ruwan da ya fito daga mahaƙa a Anka ko Yawuri ko Enyigba ya cancanci wannan haƙƙi tun yau, ba sai an jira ƙashin matan ƙauyensa ya ba da shaida ba.